Mutuwar Mai Gyaran Rediyo

Tun da autarsu ta yi aure, gidan Mai Agogo ya yi tsit. Shi shirun bai dame shi ba. Mutum ne da zai yini a shago da gilashi maƙale a ido ɗaya bai ce uffan ba. Matarsa ce abin ya isa. Sai ta shiga wani zauren marubuta a waya, ta ce littafi za ta rubuta. Bai hana ta ba, bai kuma tambaye ta na mene ne ba.

A zauren aka haɗa ta da wata Malama, yarinya sa'ar 'yarsu, mai duba mata rubutu ita kaɗai. Malama kan kira da yamma. Kunnen matar ya fara nauyi, don haka takan ƙure muryar wayar ta ajiye a kan tebur. Ita ta karanta, Malama ta yi gyara. Shi kuwa yana ji, ko yana so ko ba ya so.

Ran nan yana falo yana canza wa agogon bango batir, sai ya ji Malama tana cewa, "Mama, babin nan ya yi. Maƙwabciyar nan mai aron tsintsiya ta kashe 'yan zaure da dariya. Matsalata mijin ne."

"Me ya yi?"

"Ai laifin nasa ke nan, bai yi komai ba. Ya fita, ya dawo, ya ci, ya kwanta. Mama, kujerar da yake zama ma ta fi shi motsi. Ki kashe shi."

"In kashe shi?"

"A babi na huɗu. Sai labari ya tashi."

Mijin littafin mai gyaran rediyo ne. Yana da sanƙo, yana da tabo a haɓa, ba ya zama sai a kujerar bakin taga. Mai Agogo ya shafa haɓarsa. Ya dubi kujerar da yake kai. Ya kasa kunne yana jiran matarsa ta ce Allah ya kiyaye.

Sai ta ce, "Bari in yi tunani."

Tunani! Bayan duk shekarun nan, wata 'yar jiya ta ce a kashe shi, ita kuma za ta yi tunani.

Washegari ya kai ƙara wajen tela, maƙwabcinsa a shago. Tela ya yi dariya har ya saki almakashi. Da ya nutsu ya ce, "Mutumina, laifinka ne. Mutanen littafi magana suke yi. Su yi soyayya, su yi faɗa, su buga ƙofa. Ka ba ta abin rubutawa, sai ta ji tsoron rasa ka."

Mai Agogo ya tsuke fuska, amma ya ɗauki shawarar.

Da safe ta kawo shayi. Ya gyara murya ya ce, "Kin yi kyau yau."

Ta ajiye kofin, ta ɗora tafinta a goshinsa. "Baban yara, ka sha maganinka kuwa?"

Da rana ya ba ta labarin yadda ya taɓa bin ɓarawo da gudu har ya kama shi. Ta bari ya kai ƙarshe, sannan ta ce, "Ƙaninka ne ya bi shi. Kai takalminsa ka riƙe masa."

Saura faɗa. Ya nemi abin faɗa a gidan, ya rasa. Ƙarshe ya ce labulen falo ba ya masa kyau, ya tashi a fusace, ya buga ƙofar ɗaki. Mariƙin ƙofar ya biyo hannunsa. Ya tsaya yana kallonsa. Daga nan ya ɗauko akwatin kayan aiki ya durƙusa, ita kuma tana miƙo masa kusoshi ɗaya bayan ɗaya.

Duk da haka ya ga ta ɗauki biro. Ransa ya yi sanyi.

Da Malama ta ji sabon shafin sai ta ce, "Mama, wane ne wannan kuma? Mutumin da bai taɓa buɗe baki ba, yau shi ne da 'kin yi kyau'? Ba wanda zai yarda. Ki goge. Kuma na kai maganar zaure, kowa ya ce ya mutu. Gardamarsu kawai yadda zai mutu ne. Wasu sun ce mota, wasu sun ce rijiya, wani ya ce wutar rediyo ta ja shi."

Mai Agogo bai san lokacin da ya tashi ba. Sai ga shi tsaye a kan wayar.

"Ke yarinya."

"Na'am? Wa ke magana?"

"Gawar ce. Me mutumin nan ya tare miki?"

Can Malama ta ce, "Baba, ina yini. Wallahi ba kai ba ne, labari ne kawai."

"Yana da sanƙo?"

"Yana da shi."

"Tabo a haɓa?"

"Baba, mutane da yawa suna da..."

"Zauna, Baban yara," in ji matarsa. "Aikin gama ya gama. Tun shekaranjiya na kashe shi. Ko Malama ba ta ji ba tukuna. Zauna ku ji tare."

Ya zauna. Ba don ya so ba.

Ta sa tabarau ta fara. Ba mota, ba rijiya. Mai gyaran rediyo a kujerarsa ya cika, kuma sai da shayinsa ya huce kafin matar ta lura, don ba abin da ya canza a zamansa. Malama ta kwashe da dariya. Mai Agogo ya cije leɓe.

Sai aka zo bayan rasuwa. Famfon kicin ya fara ɗiga, ba mai ɗaure shi. Ƙofar banɗaki ta koyi kuka. Matar ta tashi da safe ta nemi tabaranta a gefen gado, ba ta gani ba. Shekara da shekaru a nan take samunsa, a goge, a naɗe. Ita ta san ba ita ke ajiyewa ba. Ba ta taɓa cewa ta sani ba, don in ta faɗa zai ji kunya ya daina. Ta zauna a falo tana sauraron shiru, ta gane ashe shiru iri biyu ne, kuma wanda ta saba da shi ya tafi.

Ta rufe takardar. A waya ana jin Malama tana jan hanci.

Mai Agogo ya juya yana kallon taga. Da ƙyar ya ce, "Mutum nawa suka zo jana'izar?"

"Na sa 'yan'uwa da maƙwabta."

"Su kaɗai? Mutumin da ya gyara rediyon rabin gari?"

Malama ta ce, "Wato ka yarda, Baba?"

"A bar shi ya mutu. Amma a ƙara mutane. A cika har a rufe titi."

Matarsa ta ɗauki biro, ta dube shi ta saman tabarau. "Titi ɗaya ko biyu?"

Ya ɗan yi tunani, don shi ba mai son ƙarya ba ne.

"Biyu," in ji shi.