Zaren Baba Getzel

Mu Yahudawan da aka bari da rai a sansanin da ake kawo mutanenmu a kashe, don sana'armu aka bar mu. Sauran daga jirgin ƙasa sai ɗakin iskar guba. Matata Perla na cikinsu. Ni kafinta ne, shi ya sa gatarin ya faɗo hannuna ranar da muka shirya ɓallewa.

Shirin ba wuya a baki. Ƙarfe huɗu na yamma hafsan da ke kula da masu gadi zai zo shagon ɗinki gwada sabon kwat. Baba Getzel tela zai sa ya kwance bindigarsa ya juya baya, ni kuma ina bayan ƙofa da gatari. In hafsan ya yi ihu, mu ɗari shida da ke tsare mun mutu.

"Fishel, hannunka na rawa kamar na ango," in ji tsohon.

"Baba, ji da allurarka."

Hafsan ya shigo yana fito. Ya ajiye bindigar a tebur, ya zura kwat ɗin, maɓalli ɗaya ya tsinke. Baba Getzel ya ɗauki allura zai ɗinke shi a jikinsa, sai hannunsa ya yi abin da ya saba shekara arba'in. Ya yanki guntun zare ya miƙa masa.

"Na mene ne wannan?" in ji hafsan.

Tsohon nan zai kashe mu da al'ada.

"Yallaɓai, taunawa ake yi," Baba Getzel ya ce a hankali. "A wurinmu gawa kaɗai ake yi wa ɗinki a jiki. Mai rai sai ya riƙa motsa baki, kada Mala'ikan Mutuwa ya yi kuskure."

Hafsan ya dube shi, ya dubi teburin. Sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya jefa zaren a baki, ya juya ga madubi don ya ga kansa yana taunawa. Sara ɗaya na yi. Ban ji daɗi ba, ban kuma yi nadama ba.

Na ɗauki bindigar na kama hannun tsohon. Ya fizge.

"Da waɗannan ƙafafun? Tafi, ɗana. In shagon ya yi shiru, masu gadi za su leƙo."

Ya zauna a kan keken ɗinki ya fara takawa, ba ko ƙyalle a ƙarƙashin allurar. Har na kai shingen waya ina jin ƙararsa.