Hancin Malam Meng da Shayin Jirgin Dagui

Meng Fulai ya tashi da mura a ranar da jiragen ruwa masu ɗauke da sabon shayi suka iso Hankou, a ƙasar Sin. Ga wani mutum wannan ba abin damuwa ba ne, sai ya face majina ya kama harkarsa. Amma shi Meng da hancinsa yake ci. Shekara ashirin da biyu ke nan yana ɗanɗana shayi a kamfanin wani Baturen Rasha mai suna Zubkov. Abin da ya ce a saya shi ake saya, abin da ya yamutsa wa fuska kuwa sai dai mai shi ya koma da kayansa ƙauye. A bakin kogi ana cewa in ya shaƙi ganye zai gaya maka gefen dutsen da aka tsinko shi, da ko wadda ta tsinka ta ci tafarnuwa a ranar.

Matarsa Guihua ta ɗauko awara mai wari, irin wadda ke korar baƙo daga gida, ta kai masa daidai hanci.

"Ka ji?"

"Na ji me?" in ji shi.

Ta dafa masa citta, ya sha. Ta lulluɓe shi da bargo a kan tukunyar ruwan zafi har ya yi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa. Daga ƙarshe ta hura masa garin barkono, ya yi atishawa goma sha huɗu a jere, hularsa ta faɗa cikin kunun shinkafa. Hanci dai ko motsi.

"Maigida, ka aika ka ce ba ka da lafiya."

"In aika? Kin san mutum nawa ne a garin nan ke jiran hancin nan ya mutu su gaje kujerata?"

Suna cikin haka sai ga ƙanenta Dagui ya shigo yana murza hula a hannu. Dagui yana da jirgi ɗaya da yake ɗauko shayi da shi daga lardin Hunan, kuma bai taɓa ganin wuri a banza ya ƙyale ba.

"Yaya Meng, na yi wata 'yar wauta," in ji shi. "Akwai sauran wuri a cikin jirgi, sai na cika da busasshen kifi. Kwana goma sha ɗaya suna tare da shayin."

"Kai dai ba ka da hankali tun kana yaro," in ji Guihua.

"Na sani, Yaya. Abin da nake roƙo kawai, Yaya Meng, in ka zo kan nawa wajen ɗanɗano, ka wuce shiru. Kada ka kunyata ni a gaban mutane."

Meng ya share hanci a hankali. "Wane kofi ne naka?"

Dagui ya yi dariya. "Haba Yaya Meng! Tun daga ƙofa za ka ji shi."

Guihua ta ɗaga kai ta kama kallon rufin ɗaki.

A ɗakin ɗanɗano an jera fararen kofuna arba'in a kan dogon tebur, ba suna a jikin ko ɗaya, don kada a ce an yi son kai. Masu jirage sun cika bango. Zubkov, ƙaton mutum mai gemu, na tsaye da tafintansa, yana ta zufa. Meng ya yi shawara a hanya cewa zai riƙa duban fuskokin mutane ya gane mai kyau. Da ya shiga sai ya tarar kowa tasa fuskar yake duba.

Ya ɗauki na farko, ya zuƙa da ƙara kamar yadda ya saba, ya kurkure baki, ya tofar. Ruwan zafi. Na biyu ruwan zafi. Ya riƙa ɗaga gira yana gyaɗa kai yana cewa "Hmm." Ya kai na goma sha shida bai ji komai ba, har ya fara tunanin wace sana'a mutum mai shekara hamsin zai iya koya.

A na goma sha bakwai ne wani abu ya taɓa masa harshe. Ɗan gishiri-gishiri ne, can nesa, amma tun asuba shi ne abu na farko da ya ji a duniya. Daɗi ya kama shi, hawaye suka zubo, ya ɗaga kofin sama.

"Wannan! Wannan shi ne shayin bana!"

Tafinta ya sa hannun riga ya toshe hanci. Can a baya Dagui ya sulale ya zauna a kan akwati, baki buɗe. Da Meng ya ga haka sai ya gane kofin da ya ɗaga na Dagui ne.

Zubkov ya karɓi kofin, ya shinshina, ya dubi Meng, ya yi magana.

"Maigida yana tambaya," in ji tafinta ta cikin hannun riga, "wai wane irin shayi ne wannan?"

Meng ya gyara tsayuwa. Tun da ya faɗa rami, sai ya ga gara ya nutse da mutuncinsa. "Gaya masa sunansa Numfashin Kogi. Ba kowa ake ba shi ba. Hancin yara ba ya gane shi."

Nan take tafinta ya sauke hannunsa daga hanci.

Zubkov ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Sai gemunsa ya fara rawa, ya fashe da kuka, ya rungume Meng har ƙafafunsa suka bar ƙasa.

"Wai gidan tsohuwarsa ya tuna, a bakin kogin garinsu," in ji tafinta. "Wai a ɗaki ɗaya take rataye kifi take dafa shayi. Ya ce duka zai saya, kuma a nemo masa wani."

Kafin rana ta take labari ya gama bakin kogi. Masu jiragen da suka kwana biyu suna goge cikin jiragensu da toka don kada shayi ya ɗauki wari, su ne suka fi kowa gudu zuwa kasuwar kifi. Sai dai sun tarar Guihua ta riga su. Tun da Dagui ya kai mata labari ta tsuke ɗamara ta saye rumfa uku, ta zauna a kan kwando tana fifita tana faɗin farashin da ta ga dama. Cikin kwana biyu busasshen kifi ya fi ƙarfin mai miya a Hankou. Wani da bai samu ba ya cusa ƙwan agwagwa mai gishiri a akwatunansa. Wani kuma ya sa ɗanyen kifi, 'yan dako suka ce ko za a kashe su ba za su ɗauka ba.

A rana ta huɗu hancin Meng ya buɗe, kuma a tsakiyar sito ya buɗe, yana tsaye cikin akwatuna ɗari biyu. Sai da ya dafa bango. Ga kofuna sittin an jera masa, ga Zubkov yana murmushi yana jira.

Ya kurɓi na farko, idanunsa suka firfito, ya haɗiye da ƙyar. A na biyar sai sana'a ta motsa masa. "Wannan kifin bai bushe ba," in ji shi. "Wannan tarwaɗa ce, an cuce ku. Wannan kuwa wa ya sa ƙwai? Fitar min da shi!" Da yamma ya koma gida da kyanwoyi tara a bayansa, Guihua ta miƙo masa abincinsa ta taga.

Shayin ya tafi Rasha a babban jirgin hayaƙi. Bayan wata biyar amsa ta zo, Zubkov ya sa tafinta ya karanta a gaban kowa. Mutanen can sun gwada sha sun kasa, sai wata mai gidan abinci ta zuba shi a miyar kabeji, garin ya ɗauka. Suna son ƙari baɗi, amma suna roƙon a ƙara kifin a rage ganyen.

Aka rage ganyen. Shekarar da ta biyo aka sake ragewa. A ta uku Zubkov ya sayar da kofunan ya sayo faranti arba'in, Dagui ya ƙara jirgi biyu, Meng Fulai kuwa ya zama babban mai ɗanɗanon busasshen kifi na Hankou. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana aikin, kuma kowa ya shaida ya iya. Abu ɗaya ne bai yarda da shi ba har ya mutu: in aka kira shi Malam Meng mai kifi, ko a tsakiyar kasuwa ne, ba ya waiwayawa.