Wanda Ya Yanke Sifirin

Da kuɗin ƙarin albashin Udoji na sayi Fijo akori-kura, a shekarar 1975, lokacin ina akawu a ofishin gona na Kazaure. Abokan aikina sun sayi rediyo da babur, ni kuwa na ce sai abin da zai haihu. Sai dai ban so a riƙa ganina da motar ɗaukar buhuna ba. Na kai ta Kano, na sa wani bakanike ya yanke sifirin ɗin gaba, ya rage na baya, ta durƙusa ta yi ƙasa-ƙasa kamar motar manya. In na jingina da ita a ƙofar ofis, daga nesa sai ka ce wani ne.

Direbana sunansa Baƙo. Ya girme ni da shekara ashirin, ya ja motocin gyaɗa tun zamanin Turawa, har aka ce ya tsufa aka sallame shi. 'Ya'yansa bakwai, kuma da motata ake ɗora tukunya a gidansa. Ranar da ya ga abin da na yi mata ya zagaya ta sau biyu, ya ce hanyar Gwiwa ba ta san kwalliya ba. Na ce masa tuƙi na ɗauke shi, ba wa'azi ba.

Wata takwas motar tana bin kasuwanni, Babura, Roni, Gwiwa, sannan ta fara tsalle. In an taka birki sai ta kai goshi ƙasa. Sau uku Baƙo ya yi mini maganar, sau ukun ina da abin yi.

Ran nan ya ɗauko surukata Hajiya Uwa daga wani suna a Roni, tana zaune a gaba. Motar ta faɗa rami, ta tashi, ta sake faɗawa, bakin Hajiya ya gamu da ƙarfe. Haƙorin Makka ya fita, kuma har yau ba a gan shi ba. Babban ɗanta Muhammadu Lawal, wan matata, ya zo mini ko sallamar kirki babu. Na ce masa ai Baƙo ne yake yi wa motar lodin ganganci a bayan idona. Ya ce to mu je a duba, a gabansa, har da Baƙon.

Muka kai ta wurin Nicodemus, mutumin Zonkwa, wanda garejinsa ke gindin darbejiya a bayan tasha. Masu zaman banza suka taso, don sun ji labarin haƙorin. Nicodemus ya ɗora tafukansa a gefen bonet, ya danna da ƙarfinsa, ya saki. Ya ce lafiyayyar mota sau ɗaya take ɗagowa ta tsaya. Tawa ta yi ta rausaya, Muhammadu Lawal yana ƙirgawa da ƙarfi, sai da ya kai biyar.

Aka sa jak. Nicodemus ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, ta amsa ƙwas-ƙwas. Ya shafa shokozoba, ya nuna mana baƙin mai a yatsansa. Ya nuna gefen tayar na ciki, ya cinye sumul. Na ce to kun gani, lodi ne. Bai ko dube ni ba. Ya ce kaya a baya ake ɗora su, wannan ciwon kuwa a gaba yake. Ya zura kai ya daɗe, sannan ya fito yana dariya. Ya ce an gutsure sifirin, shokozoba ba ta da wurin numfashi, kowane rami sai ta daki ƙarshenta, haka ta mutu ta ja sauran.

"Malam Sama'ilu," ya ce da ni, "wane jaki ne ya sa aka yanke wannan?"

Ina da baki a lokacin, na tabbata, don da shi na ci ƙosai da safe. Amma na neme shi na rasa. Muhammadu Lawal ya juyo yana kallona, irin kallon da ake yi wa ragon da za a taya.

"Ni ne," in ji Baƙo. Ya cire hula. "Don a ji sauƙin hawa. Maigida bai sani ba."

Aka yi masa dariya. Wani ya ce shekara talatin yana tuƙi bai san mota da jaki ba. Nicodemus kaɗai bai yi ba. Ya dubi Baƙo, ya dube ni, ya koma goge hannu. Ni kuwa bakina ya dawo lafiya lau. Na zage shi tas, na ce ya ci amanata, ya zubar wa dattijuwa haƙori, na karɓe makulli a gaban kowa. Ya sunkuyar da kai yadda ya kamata. Ina jin ya ɗauka wasan kwaikwayo muke yi tare.

Washegari da safe na same shi a ƙofar gida da bokitinsa, yana wanke motar. Ya gaishe ni yana murmushi, ya miƙo hannu don makulli. Amma Muhammadu Lawal ya riga ya kawo wani abokinsa Lauwali ya zama sabon direba, kuma in na mayar da Baƙo sai an tambaye ni dalili.

"Baba Baƙo," na ce, "ai ka ji abin da na faɗa jiya."

Ya dube ni, ya dubi Lauwali. Ya ƙarasa wanke gefen da ya fara, ya zubar da ruwan, ya tafi.

Nicodemus ya sa sabon sifirin da shokozoba, motar ta miƙe ta koma akori-kurar da Allah ya yi ta. Hajiya Uwa ta gaya wa dangi cewa 'yarta ta auri namijin da ba ya ɗaukar raini, kuma ban musa ba. Baƙo ya koma yi wa kekuna iska a bakin tasha. Duk lokacin da na wuce yana tashi ya gaishe ni, ni kuma nakan danna masa hon.