Kakin Mai Nasara

Mutum huɗu ne suka shigo da shi lungunmu a kan ƙyauren ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafarsa, ɗayan a hannun wani. Ina zaune a zaure ina ɗinkin jakar fata, na yar da basilla na bi su. Sakina, matarsa, ta fito da ludayi a hannu.

"A fili ya faɗi," in ji ɗayansu. "Zagaye na uku."

Mai Nasara maƙwabcina ne a cikin Birni, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara ashirin da huɗu yana planto, wato ɗan aike, a wani biro, ofishin gwamnati. Mutum ne mai jiki, mai yawan dariya. Shekarar da ta wuce numfashi ya fara yi masa wuya, har daga gida zuwa biro sai ya zauna sau uku a kan duwatsun hanya. Likita ya ce zuciya ce, ya riƙa motsa jiki a hankali, amma ban da gudu.

Shi ne ya je wurin Tahiru, tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Andoshin. A can ya yi wata shida yana jinya, wani Ba'indiye ya koya masa irin motsa jikinsu da suke kira yoga. Mutanen unguwa suna cewa ya taɓu, don da safe akan gan shi ya kafa kai a ƙasa, ƙafafu a sama. Irin wannan Mai Nasara ya ce yana so. Tahiru ya ƙi.

"Abin iri-iri ne, Yaya. Akwai mai sa gumi, akwai na kafa kai, akwai na zama. Ni sai da na shekara biyu kafin na ɗaga ƙafa. Kai na zama ne naka."

Mai Nasara ya yi fushi kwana biyu, sannan ya koma da tabarmarsa. Daga baya Tahiru ya riƙa zuwa gidansa, ta kan katanga ina jin su kowace safiya, Tahiru yana ƙirga masa numfashi, yana sa shi miƙa hannu, ya juya kafaɗa, ya kwanta ya saki jiki. Da farko na yi musu dariya. Bayan wata uku, da idona na ga Mai Nasara ya tafi biro bai zauna ko sau ɗaya ba.

Sai ga damina, sai ga maganar 'yancin kai. Aka ɗora wani matashi, Mushe Lawali, wato Malam Lawali a bakin Turawa, a kujerar Baturen biron. Ya ce duk ma'aikatansa, babba da ƙarami, za su yi difile, wato fareti, ranar biki, don haka kullum da la'asar a hallara a fili, a yi gudu, a koyi taku. Mai Nasara ya kai masa takardar likita. Ko buɗe ta bai yi ba. A gaban kowa ya ce ya ji labari tsohon yana kwance a tabarma kullum yana miƙa kamar kyanwa, kuma sabuwar ƙasa ba ta da wurin malalata.

Tahiru ya roƙe shi kada ya je. Ni ma na roƙe shi. Ya ce shekara ashirin da huɗu yana wa baƙi aiki ba wanda ya taɓa ce masa malalaci, ba zai yarda ɗan gida ya fara ba.

Bayan da aka kawo shi daga filin, kwana biyu ya yi a kwance. Rana ta biyu da hantsi na shiga na tarar da Tahiru zaune kusa da kansa, ya ɗora masa hannu a ƙirji.

"A hankali, Yaya. Ja. Ɗaya, biyu, uku. Saki."

Mai Nasara ya bi shi har sau biyar. Ya buɗe ido ya ce, "Wannan kam na iya shi." Kafin azahar ya cika.

Mushe Lawali bai zo jana'iza ba, bai zo gaisuwa ba. Amma bai manta da gidan ba. Da safiyar ranar biki ya aiko wani dattijo, mai sharar biron, ya ce a ba da kakin mamacin da hularsa, akwai gurbi a sahu, wani zai sa.

Ina gidan a lokacin, na miƙe zan faɗi abin da ke bakina. Daga bayan labule Sakina ta ce in bari, shi ma aiko shi aka yi. Ta ce kakin yana nan da jar ƙasar filin, ba za ta ba da kayan mijinta da datti ba. Ta wanke, ta shanya a igiya.

Dattijon ya zauna a bakin zaure, ya sunkuyar da kai yana jira. Daga nesa ana jin ganga da begila. Ruwa yana ɗiga daga hannun rigar, yana yin ɗan rami a cikin yashi.