Ranar da Ganguna Suka Dawo Chorkor

Sau biyu ana ɗaukar karen nan daga gidan da ake tara karnukan da aka yasar, sau biyu ana mayar da shi. Sista Adoley mai kula da gidan ba ta ɓoye wa Awo Lamiley komai ba.

"Awo, ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Da ya ji ƙara sai hankalinsa ya gushe. An yi masa duk rigakafinsa, amma ya taɓa cizon mutum. In ya ƙara, ba ni da bakin roƙo, allurar mutuwa za a yi masa."

Awo Lamiley mai bandar kifi ce a unguwar Chorkor da ke bakin teku, kuma tun rasuwar mijinta gidan ya yi mata faɗi. Ba da ka ta zo ba, sai da ta jira aka shiga watan da dattawa ke hana kiɗa da hayaniya kafin bikin Homowo. Ba ganga, ba lasifika, ko a coci ba a tafa hannu. Ta ce a ranta, wata guda na shiru ya isa kare ya san gida.

Ta kawo shi gida ta sa masa suna Shito, sunan yajin da ake cin tuwon masarar nan kenke da shi. Ataa Okai, ƙanin mijinta, wanda shi ne babban makaɗin unguwa, ya leƙo ya ga wutsiya kawai a ƙarƙashin gado, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Matar yaya, wannan ne yajin? Kaza ta yi tari ya yi fitsari!"

"Kai da ka gudu daga kwalekwale don ka ga kaguwa? Fita min daga gida, Okai."

Kwana goma Shito bai fito ba sai in ta juya baya. Takan zauna a ƙasa, ta miƙa kan kifi a tafin hannu, ta kau da kai, tana ba shi labarin tsadar itace. A mako na uku ta ji hanci mai sanyi ya taɓa yatsunta. Ta yi kamar ba ta ji ba, amma hawaye sun zubo mata.

Tun daga ranar tsoro ya koma kanta. Shiru ba zai dawwama ba, ranar da za a ɗage dokar gari duka zai fashe da kiɗa. Ta shirya kai shi gonar ƙanwarta a Dodowa ranar Alhamis da yamma, don a lissafinta Juma'a za a buga gangar farko. Tsufa ya ci mata kwana ɗaya.

Alhamis da hantsi tana juya kifi a kan murhu, Shito kwance kusa da ƙafarta, sai ta ji dum! daga bakin teku. Kafin ta miƙe an amsa daga ko'ina, ganguna, bindigogi, guɗar mata. Shito ya zabura kamar an ɗora masa garwashi, ya nufi ƙofa. Ƙofar a buɗe take, kuma layin cike yake da ƙafafun mutane.

Ba ta san tana da sauran gudu ba. Ta faɗa kansa a bakin ƙofa, ta rungume shi. Haƙora suka shige damtsenta. Ba ta saki ba, ba ta kuma yi ihu ba, don ihu zai tara mata shaidu. Ta ja shi ɗaki da gwiwa, ta tura ƙofa.

Kiɗan yana matsowa. Ta san hanyarsu, ta ƙofar gidanta suke bi kowace shekara, su tsaya su yi wa marigayi mijinta kirari. Ta wanke ciwon da sabulu, ta ɗaure da ɗankwali, ta fito tsakar gida. Okai ya riga ya shigo, ganga a rataye, gumi na zuba.

"Matar yaya, fito ki taka mana! Kai, jinin mene ne wannan?"

"Ƙayar kifi ce."

Ya kama hannun ya ɗaga ɗankwalin. Ramuka huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa. Okai mutum ne da magana ba ta kwana a cikinsa, abin da ya gani da safe kafin azahar ya kai kasuwar Makola. Ta kafe shi da ido. Daga ɗaki ana jin kukan Shito, siriri.

Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin. Sannan ya mayar da ɗankwalin ya ɗaure mata da kyau.

"Lallai wannan kifi ya girma," in ji shi. "Anjima zan raka ki asibiti, ki faɗa musu gaskiya su kaɗai."

Ya fita ya ɗaga hannu, gangunan suka yi tsit. Ta ji yana cewa, "Bana ta layin baya za mu bi. Yaya ya ji kirarinsa daga can."

Ta koma ɗaki ta zauna a ƙasa, ta kau da kai kamar yadda ta saba. Can ta ji hancin nan mai sanyi yana laluben hannun da ya ciza.