Hannun da Sauro Ya Ƙi

A tsangayar kimiyya babu mai kiranta da sunan yanka. Uwar Sauro suke ce mata, daga masu gadi har farfesoshi, ita kuma tana amsawa ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Shekara uku ke nan tana kiwon sauro a wani ɗaki mai taga ɗaya a ƙarshen baranda, inda a da ake jibge karyayyun kujeru. Keji shida ne na raga, kowanne da jiƙaƙƙen tawul a kansa, sai farantan ruwa inda tsutsotsin sauron ke wutsil-wutsil. Kakannin sauron nan da hannunta ta kamo su daga wata unguwa inda maganin gidan sauro ya daina kashe su, kuma so take ta gano abin da ke jikinsu da ya sa suka gagara. Aikin ba ya yiwuwa sai da zuri'a ɗaya da ba ta taɓa yankewa ba. Tata ta kai ta sittin da huɗu.

Macen sauro ba ta yin ƙwai sai ta sha jini. A wuraren da ke da hali, na'ura ce ke ɗumama jinin ta ba su. Ita sau uku tana rubuta takardar neman na'urar, sau uku ana ce mata ta jira baɗi. Don haka kowace Litinin da Alhamis da safe takan naɗe hannun riga, ta zura hannun hagu cikin keji, ta lulluɓe shi da baƙin zane don su zaci duhu ya yi, ta zauna tana karatu da hannun dama. A ɗakin aka ƙyanƙyashe su, ba su taɓa cizon kowa ba sai ita, babu cutar da za su sa mata. Ƙaiƙayi ne kawai. Saboda su, shekara uku ba ta sauya sabulu ba, ba ta sauya man shafawa ba, turare kuwa ta manta da shi.

Sai ga wata gidauniya ta ce za ta ba tsangayar tallafin bincike guda ɗaya tak. Aka tace aka tace, saura mutum biyu: ita da Dogo, malamin fiziks ɗin da bango ɗaya ya raba ɗakinsa da nata. Shi ma'aikacin dindindin ne, in ya rasa zai sake nema. Ita kwantiraginta zai ƙare da ƙarewar zango. In ba ta samu ba, za ta miƙa makulli, a mayar da karyayyun kujeru mazauninsu. Kwamitin gidauniyar zai zo ya ga aikin kowa da idonsa nan da mako biyar.

A makon da aka kafa sanarwar ne sauro suka daina cizonta.

Ranar farko ta ɗauka sanyin safiya ne. Ranar Alhamis ta ɗaga baƙin zanen ta leƙa, ta gan su sun yi cirko-cirko a can ƙarshen ragar, kamar baƙin da aka kawo wa abincin da ba su yarda da shi ba. Wata ta taso, ta yi shawagi a kan fatarta, ta juya. Takardar da suke zuba ƙwai a kai ta wayi gari fara tas. Ta sauya ruwan sukarinsu, ta wanke keji, ta auna zafi da laimar ɗakin sau uku a rana. Komai daidai. Tsofaffin suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, babu sababbi a bayansu.

Ta zauna ta kafa wa bangon ido. Daga bayansa na'urar Dogo ke gurnani, wadda yake auna siraran fallayen kama hasken rana da ita. Yaushe ma gurnanin ya ƙaru? Ta tuna ranar da ya shigo aron wayar wuta ya tsaya yana kallon kejin, hannunsa ɗaya a aljihu. Ta tuna makullin ɗakinta na biyu yana rataye a ɗakin masu gadi, inda kowa ke shiga ya sa hannu. Ta kuma tuna abin da ya ce a taron tsangaya, ana dariya: "Mu in muka auna abu yau, jibi ma haka za mu same shi. Ku kuwa sai kun tambayi sauro yadda ya kwana."

Ta sayi sabon kwaɗo. Kullum in za ta tashi sai ta liƙa siririn zare a bakin ƙofa, ta barbaɗa garin alli a dokin ƙofar. Kullum ta dawo, zaren na nan, allin babu sawu. Maimakon hankalinta ya kwanta, sai ta ce a ranta: ashe ya fi yadda nake zato wayo. Ta toshe ƙaramin ramin da wayoyi ke bi ta bango da tsumma, ko da wani abu yake hurowa ta nan.

A mako na uku ta hau bene wurin Shugaban Tsangaya. Ya saurare ta yana juya biro.

"Kina da shaida?"

"Ina da matattun sauro, ranka ya daɗe."

"Sauro kullum mutuwa yake, 'yata. Mu a gida ma roƙon hakan muke." Ya yi dariya shi kaɗai. "In kina da ƙorafi ki rubuto. Amma ki sani, sauro mai rai kwamiti zai zo gani."

Ta sauko tana lissafin sau nawa ta ga Shugaban da Dogo suna shan shayi tare.

Da ta ƙirga matan sauron da suka rage ta samu arba'in da 'yan kai, sai ta daina ɓoye-ɓoye. Ta tura ƙofar Dogo ba sallama. Sanyin na'urar sanyaya ɗaki ya bugi fuskarta, abin da ita ko fanka mai kyau ba ta da shi.

"Me ka sa wa saurona?"

Ya ɗago daga kan kwamfuta. "Uwar Sauro, ina kwana tukuna."

"Ban kwana ba. Me ka sa musu?"

"Ni? Ni da ko sunansu ban iya faɗa ba?" Ya dube ta da kyau, ya ga ba wasa ta zo yi ba, sai ya tura kujerarsa baya. "To, in ni ne ba zan faɗa miki ba, in ba ni ba ne ba za ki yarda ba. Bar wannan. Me da me kika sauya?"

Ba ta so amsawa ba, amma bakinta ya riga ta. Ruwa, sukari, keji, tawul, kwaɗo.

"Saura me?"

"Babu."

"Saura hannu."

"Hannun nan shekara uku suna sha."

"Na'urata ma shekara uku tana faɗin gaskiya, ran nan ta yi ƙarya saboda waya ɗaya ta saki. Mu abu ɗaya muke cirewa mu sa wani, mu ga abin da zai faru." Ya miƙe yana ɓalle maɓallin hannun rigarsa. "Mu je."

Ta bi bayansa tana neman inda tarkon yake. Wane ne zai ba abokin takararsa jini? A bakin famfo ta sa shi ya wanke hannun sau uku da ruwa zalla, ta shinshina, ta duba ƙarƙashin faratansa.

"Ko likitan tiyata bai sha wannan binciken ba," in ji shi.

"Likitan tiyata ba ya neman tallafina."

Ya zura hannun, ta lulluɓe. Ba a yi minti biyu ba ya fara cije leɓe. "Haka kike yi sau biyu a mako? Ashe ba banza ba kike da faɗa." Da ta ɗaga zanen, ga su nan jere a kan fatarsa, cikkunansu sun yi jajir kamar 'ya'yan barkono. Ta tsaya tana kallo. Sannan ta dubi nata hannun kamar na wata.

Da la'asar ta isa gida. Mahaifiyarta na zaune a kan keken ɗinki a tsakar gida, tabarau a kan hanci. Ta wuce ɗaki, ta ɗauko kwalbar man shafawarta, ta lakato ta murza a yatsu. Ya fi da ruwa-ruwa. Kuma kwalbar da ya kamata a ce ta kai rabi tana nan kusan cike. Ta fito ta ja aljihun keken ɗinkin, inda tsohuwar ke ɓoye duk abin da ba ta so a gani, tun daga alewa har takardun asibiti. A ƙarƙashin zarurruka ga bututun man korar sauro guda biyu, an matse su har wuya.

"Inna, mene ne wannan?"

Keken bai tsaya ba. "Karatun naki bai kai ki karanta ba?"

"A man shafawata kika zuba?"

"Kaɗan-kaɗan. Mai shagon magani ya ce wannan ba ya wari."

"Inna, kin san abin da kika yi? Aikin shekara uku kika kusa kashewa. Na zargi bawan Allah, na kai shi ƙara wurin shugaba."

Yanzu keken ya tsaya. Tsohuwar ta kamo hannun hagun, ta ture rigar sama, ta juya shi ga haske. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa tabo ne a kan tabo.

"Ran da goggonki ta zo ta ga wannan, ja na ta yi gefe tana tambaya wace cuta ce ke cin ki. Ni da na hana idona barci ina yi miki fifita kada ko ɗaya ya sauka a kanki. Na yi miki magana sau nawa? Kika ce ban gane ba. To, na gane nawa. Ban haife ki don ƙwari su yi kalaci da ke ba."

Ta zauna a kan tabarma.

"In suka mutu, aikina ya mutu, Inna. In suka rayu na samu tallafin, abu na farko da zan saya na'urar ba su jini ce. Daga ranar hannuna ya huta."

"Da gaske, ko irin baɗin da ake ce miki?"

"Da gaske."

"Kwana nawa?"

"Saura goma sha shida kwamiti ya zo."

Tsohuwar ta mayar da tabarau. "Goma sha shida. Ina ƙirgawa." Ta taka keken. "Shi kuma wanda kika zarga, ki je ki ba shi haƙuri. Ban yi miki tarbiyyar ƙazafi ba."

Ta ba Dogo haƙurin, a tsaye, a taƙaice. Ya ce ba komai, kuma wannan ba komai ɗin ya fi komai damunta. Yanzu ya san sirrinta. Kalma ɗaya zai jefa wa kwamiti, cewa mai binciken maganin sauro ta yi mako uku tana shafe da maganin sauro ba ta sani ba, shi ke nan an gama da ita.

Matan da suka sha jininsa suka zuba ƙwai. Ta yi ta lallaɓa tsutsotsin kamar jariran da aka haifa bakwaini. Saura kwana biyu kwamiti ya zo, zuri'a ta sittin da biyar ta tashi. A littafin da take rubuta aikin kowace rana akwai shafuka na mako uku da babu ƙwai. Ta daɗe tana riƙe da su tsakanin yatsu biyu. Yage su ba zai ɗauki daƙiƙa ba. Sai ta ɗauki biro ta rubuta dalilin a ƙasa, dalla-dalla, har da sunan man.

Kwamitin mutum uku ne, shugabarsu wata dattijuwa mai furfura da ba ta murmushi. Ɗakin Dogo suka fara shiga. Ita tana daga baranda tana jiyo shi yana bayani, ƙofa a buɗe.

"Me ya sami hannunka?" in ji dattijuwar. Tabon cizon bai gama bajewa ba.

Uwar Sauro ta matsa kusa da ƙofar.

"Maƙwabta ne suka ji yunwa," in ji shi, ya ci gaba da zancen fallayensa.

A nata ɗakin dattijuwar ba ta daɗe a kan kejin ba. Littafin ta ɗauka, tana buɗawa shafi-shafi, har ta kai wurin. Ta karanta sau biyu.

"Wa ya sa ki rubuta wannan?"

"Abin da ya faru ke nan."

"Na ga littattafai da yawa da komai ke tafiya daidai a cikinsu," in ji dattijuwar. "Ba na yarda da su." Ta rufe, ta fita.

Bayan mako biyu takarda ta zo. Tallafin nata ne.

Ko a ranar ba ta saki jiki ba, don har yanzu ba ta san abin da Dogo ke so ba. Sai da yamma ya leƙo, ya jingina da ƙofa.

"Barka, Uwar Sauro. Dama wata 'yar magana ce. In kin zo buga sakamakon, ki tuna zuri'ar nan jinina ce. Mu a fiziks takarda ɗaya takan ɗauki suna ɗari uku, wanda ya ɗaure ƙusa ma yana ciki. Ni ma ana ƙirga min takardu kafin ƙarin girma."

Wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta. Ashe dai da wata a ƙasa. Yanzu ta san farashin, za ta iya ciniki.

"Mu ba ma haka. A shafin godiya za ka fito: wanda ya ba da hannu."

"Godiya ba ta ƙarin girma."

"To, ka zo ka auna min bugun fikafikansu da na'urarka, mu ga ko na masu gagarar magani ya bambanta. In ka yi aiki, sunanka ya shiga jerin marubutan. Na uku."

"Na biyu."

"Na uku. Kuma makullina ba zai koma ɗakin masu gadi ba."

Da ya tafi ta jawo takardar sayen na'urar jini ta fara cikewa, don tun kwana goma sha shida suka cika tsohuwa ke tare ta a bakin ƙofa da tambaya. Sabuwar kwalbar man shafawarta kuwa tana cikin durowar ɗakin, a kulle, kuma kafin ta tashi sai da ta ja layi da biro daidai inda man ya tsaya.