Tabaraun Tsoho Takezawa

Harue tana durƙushe a kan tabarma, tana laluben ƙarƙashin shimfiɗar mamacin, bakinta bai huta ba. Tsoho Takezawa, maƙwabcinta, ya cika da asuba, kuma ko a mutuwar ma sai da ya bar mata aiki. Sukurun tabaraunsa ya faɗi, hannun tabaraun na hagu ya cire, 'yarsa Chizuru da ta iso daga Osaka ta naɗe wurin da salatif ta ɗora masa a fuska.

Salatif, a garin Sabae! Garin da kusan kowane gida ya ci abinci da ƙera tabarau. Nan da anjima tsofaffin abokan aikinsa za su shigo ta'aziyya, kuma Harue ta san su sarai: kafin su dubi fuskar mamaci sai sun dubi mahaɗin tabaraunsa.

"Gwaggo, ki bar shi haka mana. Wa zai lura?" in ji Chizuru.

"'Yar nan, kin daɗe a birni. Miƙo min ƙaramin sukundireba a jakata."

Shi kansa marigayin da goge firam ɗin tabarau ya tsufa, amma bai taɓa ɗaure nasa ba. Da hannu ɗaya yake fizge tabarau, ya tura shi tsakar ka, ya yi barci da shi. In ya saki sai ya leƙo ta katanga yana murmushi, gilashin a karkace, ya ce a taimaka wa tsoho. Ta yi faɗa har ta gaji. Abin da ya fi ba ta haushi yanzu shi ne yadda ya yi shiru yana ji, bai rama ba.

Sukuru dai ya ƙi fitowa. An ɗaga matashi, an kakkaɓe bargo, babu. Daga waje ta ji ƙarar mota ta tsaya, da muryoyin tsofaffi suna cire takalma.

Harue ta ja tsaki, ta zare nata tabarau, ta kwance sukurun hagu. Sai a nan ta gane wautar da ta tafka, don ba tabarau ko yatsunta ba ta gani sosai. Sukurun ya suɓuce ya faɗa cinyarta, ta lalubo shi. Ta rufe ido gaba ɗaya, ta bar yatsu su nemi ramin sukuru a tabaraun mamacin da kansu, yadda suka saba tun tana aiki a masana'antar tabarau, ta murza a hankali har ya kama.

Ta ɓare sauran salatif ɗin, ta goge gilashin da bakin rigarta, ta saka masa. Ya zauna cas a kan hancinsa.

Chizuru ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce:

"Gwaggo, ai wannan bai yi kama da Baba ba."

Harue ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta matso kusa, ta ƙura ido. Gaskiyar yarinyar ce. Wani baƙon dattijo ne kwance, mai tsari, wanda bai taɓa damun kowa ba.

"Kai dai ka cika wahalar da mutane," ta ce masa ƙasa-ƙasa.

Ta sa ɗan yatsa ta danna gefen hagu, tabaraun ya ɗan karkata. Sannan ta koma bakin ƙofa ta zauna, nata a cinya gida biyu, tana amsa gaisuwar mutanen da ba ta iya gane fuskokinsu.